IAS 12 ko ASC 740: wanne ya dace da lissafin harajin kamfani mai rassa a ƙasashe da yawa?

Ba kowane kamfani ne ke da bakin zaɓi a wannan magana ba. Kamfanin Amurka da hannun jarinsa ke kasuwar can dole ya bi ƙa'idojin lissafi na Amurka, waɗanda babinsu na haraji shi ne ASC 740 na FASB, hukumar da ke tsara ƙa'idojin lissafi a can. Wanda ke kasuwar hannun jari a Tarayyar Turai kuwa IFRS, wato ƙa'idojin lissafi na ƙasa da ƙasa, aka wajabta masa tun 2005, babin harajinsa kuma IAS 12 ne na hukumar IASB da ke Landan. Gana ta koma IFRS a 2007, Najeriya ta fara da kamfanonin da ke kasuwar hannun jari a 2012. Masu zaɓi na gaskiya su ne kamfanin waje da ke son sayar da hannun jari a Amurka (tun 2007 SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, ta yarda ya kawo lissafin IFRS ba tare da ya daidaita shi da na Amurka ba), da kamfanonin Japan da Suwizalan da dokarsu ta ba su dama, da kuma rukunin kamfanoni masu zaman kansu da mai zuba jari ko banki ke nema wa lissafi na haɗaka.

Ƙashin bayan ƙa'idojin biyu ɗaya ne. Ana lissafa harajin bana kamar yadda dokar kowace ƙasa ta ce. Sannan a ɗauki kowace kadara da kowane bashi, a kwatanta ƙimarsa a littafi da ƙimarsa a wajen hukumar haraji. Bambancin da zai warware nan gaba a ninka shi da kason haraji, abin da ya fito shi ne jinkirtaccen haraji: ko bashi ne da za a biya gaba, ko kadara ce da za ta rage harajin gaba. Duka biyun sun hana a rage darajar wannan adadi saboda nisan lokaci, kuma duka suna ajiye shi cikin abubuwan dogon zango. Wanda ya iya ɗaya ya iya mafi yawan ɗayan. Ragowar ce ke iya motsa ribar shekara da miliyoyi, kuma kusan dukkanta ta shafi kamfani mai rassa a waje ne.

Faɗuwar kuɗin ƙasa

Wannan ne bambancin da ya fi cizo ga mai reshe a ƙasar da kuɗinta ba ya zama wuri ɗaya, kuma shi ne wanda aka fi mantawa lokacin zaɓi. Yana tasowa ne idan reshen yana gudanar da harkarsa da dala, littafinsa ma da dala, amma takardar harajinsa da kuɗin gida ake cika ta.

A ce reshe ya sayi injina na dala miliyan 10 lokacin da dala take naira 460. A wajen hukumar haraji ƙimarsu naira biliyan 4.6 ce, kuma a kan wannan adadi za a riƙa ba shi rangwamen kayan aiki. Naira ta faɗi zuwa 1,500 a kan dala, kamar yadda ta kai cikin 2024. A littafi injinan suna nan dala miliyan 10 (a bar maganar tsufansu don sauƙi). Amma naira biliyan 4.6 ɗin nan yanzu dala miliyan 3.07 ce kacal. Bambancin dala miliyan 6.93 ne. IAS 12 ya ce a rubuta bashin jinkirtaccen haraji a kansa, kuma ya bi ta lissafin riba da asara: a kan kashi 30 cikin ɗari, kusan dala miliyan 2.08 ke nan. Ba a sayi komai ba, ba a sayar da komai ba, amma kuɗin haraji a rahoto ya yi tsalle. ASC 740 kuwa ya haramta rubuta wannan kwata-kwata. Tasirin zai bayyana ne a hankali, shekara bayan shekara, yayin da rangwamen ke zuwa da ƙarancin daraja.

IFRS ya fi faɗin gaskiya a nan, domin rangwamen ya lalace da gaske. Sai dai gaskiyar tana zuwa da tsada: ainihin kason harajin rukunin, wato kuɗin harajin da ke rahoto idan aka gwada shi da riba, zai riƙa hawa da sauka bisa farashin canji na ranar rufe littafi, kuma daraktan kuɗi zai riƙa bayaninsa ga masu jari duk wata uku. Kamfanonin haƙar ma'adinai da na man fetur da ke Ajantina da Barazil da Meziko sun daɗe da sanin wannan ciwon kai. Reshen da littafinsa da harajinsa duk da naira suke, wannan bai shafe shi ba ko kaɗan. Saboda haka a fara da jera rassa, a gaban kowanne a rubuta kuɗin da yake aiki da shi da kuɗin da yake cika haraji da shi. Inda biyun suka saɓa, a tara darajar gine-gine da injina da hajarsa. Wannan jimilla ita ce girman matsalar.

Rigimar haraji da ba a san ƙarshenta ba

Kowane rukuni mai ciniki tsakanin rassansa yana da wuraren da hukumar haraji za ta iya ƙi: farashin da reshe ya sayar wa ɗan'uwansa, kuɗin gudanarwa da uwar kamfani ta caja, ruwan bashin cikin gida. Duka ƙa'idojin sun ce a ɗauka cewa hukuma za ta bincika kuma ta san komai, don haka “ai ba za su gani ba” ba hujja ba ce. Daga nan suka rabu.

Tsarin Amurka, wanda ya samo asali daga fassarar da FASB ta fitar a 2006 mai suna FIN 48, hawa biyu ne. Hawa na farko: bisa dokar kanta, yiwuwar matsayin kamfani ya tsaya har kotun ƙarshe ta wuce kashi 50? In ba ta wuce ba, ba a rubuta ko sisi na amfanin, duka ake ajiyewa a matsayin bashi. In ta wuce, sai hawa na biyu: a jera sakamakon da za a iya samu daga babba zuwa ƙarami, a yi ta tara yiwuwarsu har jimillar ta haura 50, a tsaya a nan. IFRIC 23, takwaransa a ɓangaren IFRS, wanda ya fara aiki a Janairun 2019, tambaya ɗaya yake yi: da alama hukuma za ta karɓi abin yadda aka cika shi? In a'a, a auna da adadin da ya fi yiwuwa, ko kuma da matsakaicin duk sakamakon bisa nauyin kowanne.

Misali zai fi bayyanawa. Reshe ya cire kuɗin gudanarwa da ya rage masa haraji da miliyan 100. Masu ba da shawara sun kiyasta: yiwuwar a bar masa 100 ɗin duka kashi 20 ce, a bar masa 80 kashi 35, a bar masa 50 kashi 30, a ƙwace duka kashi 15. A tsarin Amurka, 20 da 35 sun ba da 55, an haura 50 a kan 80, don haka ana rubuta amfanin 80, a ajiye bashin 20. A IFRS, in aka bi matsakaici, wato a ninka kowane sakamako da yiwuwarsa, 20 da 28 da 15 sun ba da 63, bashin da za a ajiye 37 ne. Rigima ɗaya, takardu ɗaya, tazarar miliyan 17. In kuma lauyoyi suka ce hujjar ba ta kai kashi 50 ba, lamarin ya juya: Amurka ta ajiye 100 cur, IFRS kuma zai iya ajiye ƙasa da haka in ana sa ran sulhu.

Abin da ke lalacewa a aikace shi ne rassa su aiko da adadi ɗaya kawai, “muna ganin za mu biya 30”, ba tare da jerin yiwuwa ba. Da wannan ba za a iya yin hawa na biyu na Amurka ba, kuma oditocin can ba sa karɓarsa. Tsarin Amurka yana kuma buƙatar kamfanin da ke kasuwa ya buga jadawalin yadda wannan bashi ya motsa daga farkon shekara zuwa ƙarshe. Jami'an haraji ma suna karanta rahoton shekara, a riƙa tunawa. Ruwa da tara a kan irin wannan bashi, Amurka ta bar wa kamfani ya zaɓi inda zai sa su, cikin layin haraji ko sama da shi, muddin bai riƙa sauyawa ba. A IFRS ba zaɓi ba ne, sai an duba ko yanayinsu na harajin riba ne ko na tanadi a ƙarƙashin IAS 37, babin IFRS kan bashin da ba a tabbatar da adadinsa ko lokacinsa ba.

Haja da ke yawo tsakanin rassa

Reshen Birtaniya ya sayar wa reshen Najeriya kaya da ribar miliyan 200, kayan kuma suna sito ranar rufe littafi. A lissafin haɗaka ana soke wannan riba tunda rukunin bai sayar wa kowa ba. Amma Birtaniya ta riga ta karɓi harajinta, kashi 25, wato miliyan 50. IAS 12 ya bar 50 ɗin a matsayin kuɗin haraji, sannan ya rubuta kadarar jinkirtaccen haraji da kason mai saye, kashi 30, wato 60. Sakamako: rarar miliyan 10 ta shigo riba tun kafin a sayar da kwali ɗaya. Tsarin Amurka yana ɗage 50 ɗin da mai sayarwa ya biya, ya ajiye shi gefe har kayan su bar rukunin, riba ba ta motsa ba. Da kayan daga ƙasa mai babban kaso suka tafi mai ƙarami, da asara IFRS zai nuna.

Wannan togaciya ta Amurka haja kawai ta rage wa. Tun 2018, in abin da aka mayar tsakanin rassa injin ne ko haƙƙin mallakar fasaha ko tambari, ƙa'idojin biyu sun zo ɗaya. Rukunin da ke tara haja mai yawa a rassan rarrabawa ƙarshen shekara shi zai ji wannan bambanci. Kamfanin sadarwa ko banki ba zai ma lura da shi ba.

Asarar da ake jira ta rage harajin gaba

Nan hanya ce ta bambanta fiye da masauki. IAS 12 yana rubuta kadara gwargwadon abin da ake kyautata zaton za a samu ribar da za ta cinye shi. ASC 740 yana rubuta duka, sannan ya cire wani tanadi in yiwuwar rashin amfana ta wuce rabi. Yawanci adadin ƙarshe kusan ɗaya ne. Amma oditocin Amurka suna da al'ada mai tsauri: in jimillar ribar shekaru uku na baya asara ce, hasashen gaba, komai kyansa, da wuya ya rinjaye ta. IAS 12 ma yana neman hujja mai gamsarwa bayan asara, sai dai bai kafa ma'aunin shekara uku ba. Rassan Najeriya da suka tafka asarar canji a 2023 da 2024 saboda bashin dala sun faɗa daidai wannan rami. Dokar ƙasar ba ta sa wa asara wa'adi ba, kasuwancin kansa yana kawo riba, amma jimillar shekaru ukun asara ce. Hujjar da ke aiki a tsarin biyu ita ce a ware asarar canjin, a nuna an biya bashin dalar ko an mayar da shi jari, a nuna ribar ciniki na asali ba ta yanke ba.

Ranar da doka ta sauya, da inda sauyin ke sauka

In aka sauya dokar haraji, Amurka tana jiran sa hannu kafin a sake auna jinkirtaccen haraji. IFRS yana karɓar dokar da ta riga ta tsallake duk wani mataki mai ma'ana ko da ba a sa hannu ba tukuna. Lokacin da Birtaniya ta ɗaga kason harajin kamfanoni daga 19 zuwa 25, majalisar wakilai ta gama da dokar ranar 24 ga Mayun 2021, amincewar Sarauniya ta zo ranar 10 ga Yuni. Ga mai rufe littafi a Disamba ba wani abu. Ga mai rufewa ranar 31 ga Mayu kuwa, bambancin wucin gadi (tsakanin ƙimar littafi da ta haraji) na fam miliyan 400 ya jawo ƙarin fam miliyan 24 a shekarar da ta ƙare in IFRS yake bi, a shekara mai zuwa in tsarin Amurka ne. Kuskuren da ya fi wannan yawa, a tsarin biyu, shi ne jiran ranar fara aiki. Sababbin dokokin harajin Najeriya an sa musu hannu a Yunin 2025, suka fara aiki a Janairun 2026, amma sake auna jinkirtaccen haraji aikin littafin 2025 ne.

Sai inda sauyin zai sauka. In asalin harajin ya taso ne daga abin da bai bi ta riba ba, kamar asarar ƙididdigar fansho da ta tafi kai tsaye asusun masu jari, IAS 12 ya ce a bi sawu a mayar da gyaran can. Amurka ta hana bin sawu, komai ta riba yake bi. Da aka rage kason Amurka daga 35 zuwa 21 a Disambar 2017, wannan ya bar ragowar haraji maƙale a asusun masu jari har FASB ta fito da gyara na musamman a 2018. Bin sawu ya fi ma'ana, amma yana buƙatar a riƙe tarihin kowane adadi: daga ina ya fito, a wace shekara. Rukunin da ke lissafin harajinsa a Excel, ma'aikata kuma suna sauyawa, yakan rasa wannan tarihi cikin ƴan shekaru.

Ribar rassa da ba a kwaso gida ba, ƙa'idojin biyu sun yarda a ƙi rubuta harajin kwasowa, kamar kashi 10 da Najeriya ke cirewa daga rabon riba. IFRS sharaɗinsa uwar kamfani ce ke da ikon lokacin rabo kuma ba ta da niyyar yi nan kusa. Amurka tana son rubutaccen shiri na inda za a zuba kuɗin, kuma togaciyar ta rassan waje ce. A duka biyun, reshen da ke aiko da riba kowace shekara ba zai ce ya bar ta har abada ba. Rahoton wata uku-uku ma ya bambanta: Amurka tana haɗa duk ƙasashe a kaso ɗaya na shekara, ta ware rassan da ke asarar da ba za a amfana da ita ba, IAS 34, babin IFRS kan irin wannan rahoto, kuma ya fi son kowace ƙasa da kasonta. Hannun jarin da ake ba ma'aikata yana da nasa bambancin, amma kamfanonin fasaha ya fi dama wa lissafi.

Inda zaɓin ke taɓa kuɗi na gaske

A da ana cewa ƙa'idar lissafi rahoto kawai take sauyawa, ba abin da ake biya ba. Wannan magana ta tsufa. Mafi ƙarancin haraji na duniya na kashi 15, wanda OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, ta tsara wa rukunin da cinikinsa ya kai Yuro miliyan 750 a biyu daga shekaru huɗu na baya, kuma ya fara aiki a Turai da Birtaniya a 2024, daga ribar littafin haɗaka na uwar kamfani yake farawa. Haka mafi ƙarancin harajin Amurka na kashi 15 da aka kafa a 2022 kan masu ribar littafi sama da dala biliyan 1. Duk abin da ƙa'ida ta sauya a riba, kamar kuɗin ƙirƙirar sabon kaya da IFRS ke mayarwa kadara amma Amurka ke kashewa nan take, yana iya shiga wannan lissafi. A kan yadda ake rubuta shi kansa harajin na OECD kuwa babu saɓani: IASB a Mayun 2023 ta hana lissafa masa jinkirtaccen haraji na ɗan lokaci, ma'aikatan FASB ma suka ce a rubuta shi a shekarar da ya taso.

Akwai kuma LIFO, hanyar da ake ɗauka hajar da ta shigo ƙarshe ita ta fara fita. Tana rage haraji lokacin hauhawar farashi. Dokar harajin Amurka ta ce wanda ya yi amfani da ita a haraji dole ya yi amfani da ita a rahotonsa, IFRS kuma ya haramta ta. Rukunin da ke da babban reshe a Amurka mai tsohuwar haja a kan LIFO ya nemi shawarar masana dokar can kafin ya matsa, domin barinta na iya fito da harajin shekaru masu yawa.

To wanne za a ɗauka?

Rukunin da yawancin rassansa ke Afirka da Turai da Asiya, IFRS ya ɗauka. Dalilin ba wai IAS 12 ya fi kyau ba ne. Rassan Najeriya da Gana da Kenya da Afirka ta Kudu dole su fitar da lissafin IFRS na gida ko ana so ko ba a so, akantocinsu a kansa suka yi karatu, kuma ɗora tsarin Amurka a sama na nufin lissafin haraji biyu ga kowane reshe kowane wata uku. Rassan Nijar da Kamaru da Chadi suna kan SYSCOHADA, tsarin lissafin da wasu ƙasashen Afirka, galibi masu Faransanci, ke bi tare, don haka su ko ta yaya sai an yi musu gyaran juyawa, kuma juyawa ɗaya ta fi biyu sauƙi.

Tsarin Amurka ya cancanci wahalarsa a hali uku. Na ɗaya, in masu jarin da ake nema Amurkawa ne kuma abokan gogayyar da za a kwatanta kamfanin da su duk a kansa suke. Na biyu, in akwai alamar kamfanin zai rasa matsayinsa na baƙo a wajen SEC, wanda ke faruwa idan mazauna Amurka suka mallaki fiye da rabin ƙuri'u, sannan yawancin shugabanni ko fiye da rabin kadarori ko cibiyar gudanarwa suna can. Ana auna wannan a ƙarshen wata shida na farkon shekara, kuma wanda ya faɗi sai ya koma tsarin Amurka cikin gaggawa, har da sake lissafin shekarun baya. Na uku, in rassa masu littafin dala da harajin kuɗin gida su ne rabin kadarorin rukunin, kuma masu jari ba za su jure kason haraji mai tsalle ba. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya sa a kasafinsa cewa daga rahoton 2025 kamfanonin da ke kasuwa dole su kasa bayanin kason harajinsu gida takwas, su fito da duk abin da ya kai kashi 5 na harajin da ake tsammani, su kuma bayyana ƙasashen da suka karɓi kashi 5 ko fiye na harajin da aka biya.

Kafin kwamitin binciken kuɗi ya yanke, a ɗauki littafin shekaru biyu da suka wuce a sake lissafa abubuwa huɗu ta hanyoyin biyu: kadarorin rassa masu saɓanin kuɗi, ribar da ke cikin hajar tsakanin rassa, manyan rigingimun haraji biyar, da asarar da ake jira. In tazarar ainihin kason haraji ba ta wuce maki ɗaya ko biyu ba, a bar maganar haraji, a yanke bisa inda jari zai fito da kuma ƙa'idar da ma'aikatan rassa suka riga suka iya.